Makirfo goma sha biyu a kwamfuta ɗaya: abin da na gani da Behringer ADA8200

Tambayar da ta fi yawan zuwa min daga yaran da ke buɗe situdiyo a Tudun Wada da Rigasa da Kawo, nan Kaduna, ita ce: "Oga, ina da sawunkad mai ƙofa biyu, abokina ma yana da nasa. In muka jona su a laftof ɗaya, ba mun samu ƙofa huɗu ba ke nan?" Sawunkad dai shi ne akwatin da ke shigar da sautin makirfo cikin kwamfuta, ƙofa kuma ramin da ake jona makirfon. A lissafin 'yan firamare haka ne. A ɗaukar sauti ma huɗun za ka samu, amma da ƙas-ƙas a ciki, kuma sai waƙa ta yi nisa abin zai fara nuna maka hali. Akwatin da ya raba ni da wannan ciwon kai shi ne Behringer ADA8200, mai ƙara wa sawunkad ƙofofin makirfo takwas, wanda na haɗa da sawunkad ɗina Focusrite Scarlett 18i8 a ɗan situdiyona da ke Badarawa. Da kuɗina na sayi duka biyun, ba wanda ya ba ni kyauta balle ya ce in yi masa talla, don haka abin da na gani shi zan faɗa.

Tun farko dai, ba kowa ne ke bukatar wannan kaya ba. Yawancin aikin da muke yi a garin nan na makirfo ɗaya ne: an haɗa kiɗa a fiyano ko a FL Studio, mawaƙi ya shiga ɗaki ya ɗora murya, 'yar amshi ta zo daga baya ta ɗora tata, a ninka muryar ta cika kunne. In aikinka ke nan, sawunkad ɗinka mai ƙofa biyu ya ishe ka har ka aurar da 'ya'ya. Riƙe kuɗinka ka sayi makirfo mai kyau.

Matsala tana zuwa ne ranar da 'yan mandiri suka yi maka sallama su bakwai, ko malamin Islamiyya ya kawo ɗalibai za su yi waƙen walimar sauka, ko mawaƙan coci daga Barnawa ko Sabon Tasha suka zo da ganguna da jita. Ga kuma masu shirin hira na YouTube da suka yi yawa yanzu, mutum biyar a tebur, kowa yana son a ji shi raɗau. Irin waɗannan ba a ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya. Mai kalangu bakin mawaƙi yake bi, mawaƙi kuma numfashin 'yan amshi yake jira. Ka raba su, ka sa wa kowa hedifon ka ce ya bi tik-tik ɗin kwamfuta, aikin zai fita tsaf, amma babu armashi ko na sisin kwabo.

Kafin in sayi akwatin nan na bi hanyar da yaran ke tambaya a kai, da ƙananan sawunkad biyu na kamfanoni daban-daban, don haka ba labari aka ba ni ba. A Windows, manhajojin ɗaukar sauti irin su Cubase da FL Studio da Reaper suna magana da sawunkad ne ta ASIO, tsarin da kamfanin Steinberg na Jamus, masu Cubase, ya fito da shi a 1997. Kowane sawunkad yana da direbansa na ASIO, wato 'yar manhajar da ke sada shi da kwamfuta, kuma direba ɗaya tak manhajar ɗaukar sautin ke riƙewa a lokaci guda. Ka zaɓi na wannan, wancan ya ɓace. Shi ya sa kowa ke rugawa wajen ASIO4ALL, 'yar manhaja ta kyauta da wani Bajamushe mai suna Michael Tippach ya rubuta, wadda ke tattaro duk na'urorin sautin da Windows ke gani ta miƙa su a matsayin abu ɗaya. Kuma ta cika alƙawarinta: ƙofofi huɗu sun bayyana, na ga layi huɗu suna motsi a Cubase.

Abin da ba ta iyawa, kuma ba laifinta ba ne, shi ne haɗa agogon na'urorin biyu. Kowane sawunkad yana da ɗan dutsen agogo a cikinsa, irin wanda ke cikin agogon hannu mai batir, shi ke ƙirga masa lokacin da zai ɗebi sauti. In ka saita 48 kHz, sau 48,000 ke nan yake ɗiba a kowace daƙiƙa. To babu dutse biyu da ke bugawa daidai wa daida. A ce bambancinsu kashi 20 ne kacal cikin miliyan, wannan kusan ɗiba ɗaya ke nan a kowace daƙiƙa. Cikin minti 5 tazarar ta kai kusan ɗiba 300, wato kimanin kashi 6 cikin dubu na daƙiƙa. Wani zai ce ai wannan ba komai ba ne. Sai dai waƙar bege ba ta minti 5 ba ce, wata takan haura 15, kuma makirfo biyu da ke ɗaki ɗaya mandiri ɗaya suke ji. Da zarar ɗaya ya fara yi wa ɗan'uwansa gaba, sai ƙasan kiɗan ya zube, sautin ya zama holoƙo. In kuma ba haka ba, kwamfuta ta rasa yadda za ta jera su, ta yar da ɗiba ko ta bar giɓi, sai ka ji "ƙas".

Wannan ƙas ɗin ko'ina yake faɗowa, amma inda aka fi jinsa shi ne inda mawaƙi ya ja murya a ƙarshen baiti, kiɗa ya lafa, ba abin da zai rufa masa asiri. In ka buɗe hoton sautin ka matso da shi sosai, za ka ga layin da ke tafiya lanƙwashe sumul ya yi wani ɗan tsalle a tsaye, sannan ya ci gaba. Guda ɗaya ana iya gyara shi da hannu. Amma su biyo juna a kai a kai cikin waƙar minti 15, a layi huɗu, mai waƙa kuma yana zaune bayanka yana jiran ya kai wa mai biki gobe? Wannan ba aiki ba ne, horo ne.

Ga kuma maganar hedifon. Kowane sawunkad abin da ya shigo ta ƙofarsa kaɗai yake iya mayar wa kunne kai tsaye. In mawaƙi yana kan wannan, mai kalangu yana kan wancan, dole sautin ya shiga kwamfuta ya zagayo kafin su ji juna. Ni kuwa sai da na ɗaga bafa, wato yawan ɗibar da kwamfuta ke tarawa kafin ta yi aiki a kai, zuwa 512 kafin abin ya zauna, wanda a 48 kHz ya haura kashi 10 cikin dubu na daƙiƙa wajen shiga kaɗai, ga wani irinsa wajen fita. Mai magana zai iya haƙuri da wannan jinkiri. Makaɗi ba zai iya ba, hannunsa zai riƙa jin ya buga kafin kunnensa ya ji.

Masu Mac sun fi mu sauƙi. Tun 2005 Apple ya sa wannan dabara a cikin tsarinsa: ka buɗe Audio MIDI Setup, ka ƙirƙiri Aggregate Device, ka zaɓi wanda zai riƙe agogo, sauran ka yi musu alama a Drift Correction. Kwamfuta ce za ta riƙa daidaita su da lissafi. Wani abokina a Unguwar Rimi da haka yake ɗaukar shirin hira, kuma ban ji abin kushewa ba. Amma nawa ne a cikinmu ke da Mac? Akwai kuma kamfanoni irin su RME na Jamus da direbansu ke karɓar na'urarsu fiye da ɗaya a Windows, sai dai mai kuɗin sayen RME biyu ba shi ke aiko min da tambaya ba, kuma su ma sai an haɗa musu agogo da waya.

Hanyar da ta dace tsohuwa ce, ta girmi yawancin masu tambayar. A 1991 kamfanin Alesis na Amurka ya sanar da wata na'ura mai suna ADAT, ta shiga kasuwa a 1992, tana ɗaukar layi takwas a kan kaset ɗin bidiyo na S-VHS. Na'urar ta daɗe da zama tarihi, amma wayar da aka yi mata tana nan da ranta. Siririyar waya ce ta haske, mai kai irin na TOSLINK da Toshiba ya ƙirƙiro a 1983, tana kwasar layi takwas a lokaci guda har zuwa 48 kHz. Babban abin shi ne, tare da sautin take tafiya da bugun agogo. Ke nan na'urori biyu sun koma kan agogo ɗaya, kwamfuta kuma sawunkad ɗaya kawai take gani, da direban kamfaninsa na asali.

A nan ADA8200 ya shigo. Kuma in ba za ka tuna komai daga rubutun nan ba, tuna wannan: ba shi da USB. Ba ya shiga kwamfuta ta kowace hanya. Na san wanda ya sa aka turo masa shi daga Legas yana murna ya samu sawunkad mai ƙofa takwas da araha, ya juya akwati gaba da baya bai ga inda zai jona laftof ba. Aikinsa shi ne ya karɓi makirfo takwas, ya ƙara musu ƙarfi, ya mayar da su lambobi, ya tura ta wayar haske zuwa sawunkad mai ƙofar ADAT. Scarlett 2i2 da Behringer UMC404HD, waɗanda su suka cika situdiyoyinmu, ba su da wannan ƙofa. Scarlett 18i8 da 18i20 da Audient iD14 da Behringer UMC1820 suna da ita.

Sunan 18i8 ɗin ma yana ruɗin mutane. Ƙofofin shiga 18 ne da gaske, amma na makirfo huɗu ne kawai a gaba. Huɗu na baya na layi ne, irin na fiyano, biyu na S/PDIF, masu karɓar sautin da aka riga aka mayar lambobi, sauran takwas ɗin kuwa suna cikin wancan ɗan ramin mai murabba'i da yawancin masu na'urar ba su taɓa sa masa komai ba. Huɗun nan da takwas na ADA8200 su suka ba ni makirfo 12, ga fiyano biyu a baya ba su taɓa ƙofar kowa ba.

Akwatin kansa na ƙarfe ne, siriri, faɗin inci 19 na rak, wato kantar da ake jera irin waɗannan na'urori. A gaba kowace ƙofa tana da ramin XLR na makirfo, ramin jak na layi, abin murɗawa ɗaya da 'yan fitilu biyu. Wasu suna ƙorafin cewa ramukan suna gaba, wayoyi suna yi musu rataye-rataye a fuska. Ni ya yi min, domin a wurina kullum cikin cirewa da jonawa ake, yau mandiri gobe hira, ba zan riƙa zagayawa bayan tebur da tocila ba. A jikinsa an rubuta cewa Midas ne suka zana ƙofofin makirfon. Midas tsohon kamfanin Ingila ne na manyan mikisa, wanda rukunin Uli Behringer, mutumin da ya kafa Behringer a Jamus a 1989, ya saye a 2009. Masu shago suna son nuna maka wannan rubutu da yatsa. Kada ya ruɗe ka ka ɗauka irin ƙofofin da ke cikin mikisar miliyoyi ka saya. Na'ura ce mai araha da ake ƙerawa a Chaina, kuma a matsayinta na mai araha ta yi abin a yaba.

Haɗawa ba ta da wuya. Waya ɗaya daga ADAT OUT na akwatin zuwa ƙofar haske ta sawunkad, shi ke nan. Inda ake faɗuwa shi ne agogo. Sahu ɗaya ba ya ɗaukar liman biyu, dole ɗaya ya ja ɗaya ya bi. Tunda 18i8 ƙofar shigar haske kawai gare shi, ba shi da ta fita, ba shi da yadda zai aika wa ADA8200 bugun agogonsa. Don haka ADA8200 ne zai ja. A bayansa akwai ɗan makunni, ka tura shi ɓangaren MASTER, ka zaɓi 44.1 ko 48. Sannan ka buɗe Focusrite Control a kwamfuta ka mayar da tushen agogo daga Internal zuwa ADAT, ka ga ya nuna ya kama. In ka bar su duka biyun kowa yana jan kansa, sauti zai iya shigowa, ka ga layuka suna motsi ka ɗauka komai lafiya, ƙas-ƙas ɗin da ka gudo kuwa ya biyo ka har gida. Mai 18i20 ko UMC1820 yana iya juya abin, ya sa waya ta biyu daga sawunkad zuwa ADAT IN na akwatin, ya tura makunnin ɓangaren SLAVE.

Wani abin kuma, lambar da ke bayan akwatin dole ta yi daidai da ta aikin da ka buɗe. FL Studio da 44.1 yake tashi in ba ka canza ba, masu fim da bidiyo kuma 48 suke so. Ni na bar shi a 48 na mayar da komai can, domin kusan duk abin da ke fita daga hannuna yanzu bidiyo ake ɗora masa.

Aikin da ya sa na yarda da akwatin nan na wata ƙungiyar makaɗan biki ne: mawaƙi, kalangu biyu, ƙaramar ganga, da 'yan amshi huɗu. Babban mai kalangun dattijo ne, ya shigo ya ga tsayuwar makirfo ko'ina, ya dube ni ya ce, "Yaro, duk wannan ƙarafan na mene ne? Mu da muka yi kiɗa a gidan rediyo da makirfo ɗaya a tsakiya?" Na ce, "Baba, haƙuri za a yi, ɗaya ne naka, kuma ba zan sa maka abin kunne ba." Wannan ya kwantar masa da hankali. Na sa masa makirfon Shure SM57 kamar tazarar ɗani ɗaya daga fatar, ɗan karkace, don kada makaɗi ya doke shi. Wahalar kalangu ita ce ba ya zama wuri ɗaya. Yana rataye a kafaɗa, ana matse shi a hammata ana saki, in kiɗa ya yi daɗi mai shi ya juya ya fuskanci mawaƙi, fatar ta bar makirfo. Da yake kowa yana kan layinsa, inda Baba ya juya na ɗaga nasa shi kaɗai daga baya, ban taɓa na ƙaramin mai kalangun ba. Sun yi waƙa ta kusan minti 20 a tashi ɗaya. Na matso da farkonta na duba inda bugun farko ya faɗa a layukan akwatunan biyu, na je ƙarshenta na duba na ƙarshe, tazarar ba ta motsa ba. Da aka kunna musu, Baba ya saurara shiru, sannan ya ce wa ƙaramin, "Ka ji inda ka riga ni shiga? Da a wajen biki ne da ka ɓuya."

Ta fuskar sauti, na gwada makirfo ɗaya a ƙofar Scarlett sannan a ƙofar ADA8200, na daidaita ƙarfinsu, na sa yarona ya riƙa canza min ba tare da ina kallo ba. A kan ganga da mandiri da amshi ban iya rarrabewa ba. Inda bambanci ya fito shi ne murya mai sanyi a makirfon hannu, irin ɗalibar Islamiyya mai jin kunya da ke waƙa ƙasa-ƙasa. Sai ka murɗa kusan ƙarshe kafin ta fito, a can kuwa ɗan "sss" yana fara leƙowa, kamar yadda aka saba da ƙofofi masu araha. Saboda haka tsarina shi ne: babban mawaƙi da duk mai ƙaramar murya suna kan Scarlett, masu duka da masu amshi suna kan ADA8200. In kuma zan sa makirfo biyu kan abu ɗaya, dama da hagu, ba na raba su tsakanin akwatunan. Ko da agogonsu ɗaya ne, kowanne yana da ɗan jinkirinsa na mayar da sauti lambobi. Jinkirin ba ya ƙaruwa, amma gara su biyun su zauna gida ɗaya.

Abubuwan da ban so ba, ga su. Makunnin wutar fantom, wato volt 48 da makirfon kondensa ke bukata, guda ɗaya ne na duk ƙofofi takwas. Ko ka ba kowa ko ka hana kowa. Makirfon hannu mai lafiyayyar wayar XLR bai damu da ita ba, amma wayoyin da ake haɗa mana a kasuwa ba duka aka haɗa daidai ba, kuma mai tsohon makirfon ribon ya yi nesa da wannan makunni. Na biyu, fitilun nan biyu, ɗaya ta ce sauti ya shigo, ɗaya ta ce ya fashe. Tsakaninsu babu labari, dole idonka ya koma kan kwamfuta wajen saita ƙarfi. Ba shi da ƙofar jita ta kai tsaye, don haka mai jita ya tafi ƙofa ta ɗaya ko ta biyu ta Scarlett. Makunnin agogo kuma yana baya, ranar da aka kawo maka aikin 44.1 sai ka zura hannu kana lalube.

Iyakarsa 48 kHz, ba ya zuwa 96. Wannan bai taɓa hana ni barci ba. Ita kanta wayar ADAT in aka kai ta 96 layi huɗu take iya ɗauka maimakon takwas, kuma waƙar da za a saurara a waya ta WhatsApp da Audiomack da lasifikar Keke Napep, ban ga abin da 96 zai ƙara mata ba sai cika hadis.

Akwai kuma ramukan fita takwas na XLR a bayansa, waɗanda a wurina zaman banza suke, tunda 18i8 ba shi da ƙofar fitar haske da zai ciyar da su. Na biya kuɗinsu ban more su ba. Mai 18i20 zai iya amfani da su ya ba kowane rukuni nasa haɗin hedifon.

Sai maganar wuta, wadda babu bitar kayan situdiyo a ƙasar nan da za ta cika ba tare da ita ba. Ƙananan sawunkad daga USB suke shan wuta, in an ɗauke laftof ya ci gaba da riƙe su. Waɗannan biyun kowanne sai an jona shi a soket. Aka ɗauke wuta ana tsakiyar waƙa, su biyun sun mutu, laftof kuwa yana nan a kunne, mawaƙa suna ta yi ba su san an daina ɗauka ba. Don haka ka lissafa kuɗin UPS ko inbata a cikin kuɗin sayensu. Ba sa cin wuta sosai, ƙaramin UPS ma yana riƙe su har a tada janareta. In za ka kunna, fara da ADA8200, tunda shi ke riƙe da agogo, sannan sawunkad, sannan ka buɗe manhaja. Akwatin yana karɓar wuta daga volt 100 zuwa 240, abin da ke taimakawa ranar da aka kawo ta rabi-rabi, amma ni ban cire sitabilaiza ba. Wani alherin wayar haske shi ne ba ƙarfe a cikinta, saboda haka gurnanin nan na 50 Hz da ke bin waya daga na'ura zuwa na'ura ba shi da hanya tsakanin akwatunan biyu. Wanda cajar laftof ke kawowa dai yana nan, wannan wata rigima ce daban.

Ba shi da fanka, shiru yake, ana iya ajiye shi ɗaki ɗaya da makirfo. Yana ɗan ɗumi, musamman a watan Maris da Afrilu da muke kashe fankar sama lokacin ɗauka, don haka na bar masa sarari a sama ban ɗora masa komai ba. Da hunturu kuwa ƙura ce abokiyar gaba. Haske ne ke wucewa ta ramin nan, ƙura ta zauna a bakin wayar sai ka ga agogo yana kamawa yana saki. Ina rufe kayan da zani in an tashi, kuma ba na cire wayar haske in ba dole ba.

Gaskiyar da mai shago ba zai faɗa maka ba ita ce, yawan makirfo ba ya ƙara wa ɗaki girma. Situdiyoyinmu yawanci shago ne aka raba biyu da katako da soso. Ka zuba mandiri biyar a ciki, kowane makirfo zai ji kowa, har na mawaƙi. Layi 12 za ka gani a kwamfuta, amma in ka ɗaga muryar mawaƙi mandiri ya taso tare da ita, kuma Auto-Tune, abin gyaran murya, ba ya son murya mai kiɗa a bayanta, sai ya riƙa karkarwa. Abin da nake yi shi ne in sa mawaƙi a ɗan ɗakin murya yana hango su ta gilashi, masu duka su jeru ta yadda bayan makirfonsu zai riƙa kallon juna, 'yan amshi biyu-biyu a makirfo ɗaya. Sau da yawa da makirfo takwas ko tara nake gama aikin da na yi zaton sai 12, kuma ya fi fita.

Wajen saye, galibi daga kasuwar Alaba ta Legas ake turo shi, sabo ko na hannu. Ba zan rubuta farashi ba, domin tun da aka saki naira a 2023 kuɗin irin wannan kaya dala yake bi, abin da aka faɗa maka yau ba shi ne na mako mai zuwa ba. In na hannu ne, kada ka biya sai an gwada ƙofofin takwas ɗaya bayan ɗaya da makirfo, an murɗa kowane maɓalli daga farko zuwa ƙarshe ana saurare ko yana ƙarar yashi, an kunna fantom da kondensa. Ka duba ramin ADAT OUT, in akwatin yana kunne za ka ga jan haske a ciki. In ba za ka iya zuwa ba, a yi maka bidiyon gwajin kafin a kai tasha. Ka tambayi wayar haske tun a can, kada ka ɗauka tana cikin kwali. In babu, irin wadda ake haɗa talabijin da lasifikar falo ce, ana samunta a shagunan kayan lantarki na Ahmadu Bello Way da Kasuwar Sheikh Gumi. Sayi gajera, mita ɗaya ko biyu, ka sayi biyu don ajiya, kuma ka cire 'yar hular robar da ke bakinta kafin ka tura. Kada ka naɗe ta da ƙarfi irin na wayar makirfo, cikinta yana karyewa ba tare da bayanta ya nuna ba.

Mai hali zai iya duba Focusrite Scarlett OctoPre, wanda aikinsu ɗaya. Ya fi shi fitilun auna ƙarfi, yana da ƙofar jita, kuma yana kai layi takwas a 96 kHz da waya biyu, amma kuɗinsa ya kusa ninka na ADA8200 ko ya wuce. Ni a kan mandiri da kalangu ban ga dalilin biyan wannan bambanci ba. Wanda kuma yake da mai ƙofa biyu yanzu yana tunanin ƙaro wani irinsa, shawarata ya sayar da wanda ke hannunsa, ya haɗa da kuɗin na biyun, ya nemi UMC1820 ko 18i20 ko da na hannu ne. Takwas ɗin da ke jikinsu za su ɗauke shi shekaru, ranar da suka yi masa kaɗan ya ƙaro ADA8200 da waya biyu ya koma 16, ramukan fitan da ni na bari a banza ma shi zai more su.